Katnif, ganyen da ke sa mage birgima: yadda za ku ba ta shi lafiya lau

Duk mai bin bidiyoyin maguna a TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da irin wannan, a barbaɗa wani busasshen ganye a ƙasa, mage ta zo ta sansana sai ka ga ta kwanta tana birgima tana goga kumatu tana dalalar da miyau, kafin a jima ta miƙe ta kama gabanta. Ganyen nan shi ake ce ma katnif, in kwalin daga Faransa ya zo za ku ga an rubuta cataire, masana tsirrai kuma Nepeta cataria suke kiransa, wannan na ƙarshen shi nake so ku riƙe sosai don shi zai hana a sayar muku da wani abu daban. Nan Yamai akwai masu kiwon mage a cikin gida, musamman waɗanda ke haya a bene ko gidan da ba tsakar gida, inda mussa ke wuni a rufe ba ta samun fita farautar kusu da ƙadangaru, kuma tambayarsu kusan guda ce, wai ƙwaya ce, tana bugarwa, za ta iya kashe min mage? Ganyen kansa ba shi da wata illa mai girma. Inda ɓarna ke shigowa daga hannunmu ne mu mutane, a ba ta da yawa, a ba ta cikin tsakiyar zafi, ko kuma abin da ya fi tayar min da hankali, mutum ya rasa ganyen ya ce bari ya gwada mata wani abu da yake ganin ya yi kama da shi.

Tsiron ɗan gidan su na'a-na'a ne da ɗoɗɗoya, dangi guda suke. Karansa kusurwa huɗu gare shi ba zagayayye ba ne, ganyensa kore ne mai ɗan toka-toka da gashi-gashi mai laushi, bakin ganyen kuma a yanke yake haƙora-haƙora, furensa ƙanana farare da ɗigon shuni, tsawonsa yana kai santimita 50 har zuwa mita guda. Asalinsa Turai ne da Asiya da Gabas ta Tsakiya, daga baya aka kai shi Amurka ta Arewa inda yanzu yake fitowa da kansa a bakin hanya. Ba ya cikin tsirran dajinmu na Sahel, saboda haka in wani ya ɗauro muku ɗaurin ganye a kasuwa ya ce shi ne ya tsinko shi bayan gari, kada ku karɓa.

Abin da ke aikin wani mai ne mai tashi cikin iska da ke cikin ganyen da karan, sunansa nefetalakton, wani masanin sinadarai Samuel McElvain da abokan aikinsa a jami'ar Wisconsin ta Amurka su suka fara ware shi a 1941. Man yana ɓoye cikin wasu ƙananan jakunkuna a jikin ganyen, sai an murza ko an tauna ko an taka suke fashewa, shi ya sa za ku ga mage na cizon ganyen tana tattaka shi tana goga kai, ba yunwa take ji ba, ƙamshin take fiddawa. Ta hanci yake shiga, daga hanci saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. A 2021 masu bincike na jami'ar Iwate a Japan ƙarƙashin Masao Miyazaki sun nuna cewa in mage ta shaƙi irin wannan sinadari, wani abu da jikinta ke yi da kansa mai suna endofin yana ƙaruwa cikin jininta, shi ne abin da ke sa jin daɗi da rage zafin ciwo, mu ma mutane muna da shi. Da suka yi wa magunan allurar nalokson, maganin da ke toshe hanyar da endofin ke bi, sai magunan suka daina birgimar. Nan ne bambancinsa da tramol yake, kuma bambanci ne babba, tramol ƙwaya ce da ake haɗiya ta shiga jini ta je ta kama wurin da kanta, yau da gobe jiki ya saba ya kasa zama sai da ita, shi kuwa wannan ƙamshi ne kawai da ke zaburar da jikin mage ya saki nasa na ɗan lokaci sannan komai ya koma daidai. Ba a san mage da jarabar katnif ba, in kun daina ba ta ba za ta shiga wani hali ba. Su waɗannan mutanen na Iwate sun ma sake fitar da wani bincike a 2023 kan wani tsiro mai irin wannan aiki, ba su ga alamar jaraba ba, ba su ga ya taɓa hanta ko ƙoda ba.

Abin ba ya daɗewa, minti 5 zuwa 15 ne, yawanci wajen minti 10. Za ta sansana, ta lasa, ta kaɗa kai, ta goga haɓa da kumatu, ta kwanta rigingine tana shure-shure da ƙafafun baya, wata ta yi ta guje-guje tana kai wa iska cafka, wata kuma ta yi shiru kawai tana lumshe ido. Daga nan sai ta bar shi, kuma ko kun ƙara mata sabo ba za ta kula ba sai bayan wajen rabin awa zuwa awa 2. Kusan irin abin da ke samun wanda ya daɗe cikin ɗaki mai turaren wuta ne, ya daina jin ƙamshin sai ya fita ya sha iska ya dawo. To a wannan lokacin ne masu son ɗaukar bidiyo ke kuskure, su ga ta daina su yi ta zuba mata suna tura mata shi a hanci, ba abin da zai ƙaru sai asarar ganye da takura wa dabba.

Wani abu kuma, ba kowace mage ke jinsa ba. Kusan biyu cikin uku ne ke amsawa, sauran ko a jikinsu, kuma abin gado ne, tun 1962 wani mai bincike Neil Todd ya nuna yana bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. In taku ta sansana ta wuce ba ciwo gare ta ba, ba kuma lalle ganyen ne jabu ba, haka Allah ya yi ta. 'Ya'yan mage ƙanana ba sa amsawa sai sun kai wata 3 zuwa 6, wasu ma gudunsa suke, tsohuwar mage kuma sau da yawa sha'awarta na raguwa. Muzuru da mace duk ɗaya ne, wanda aka yi wa fiɗiya ma yana amsawa. Har manyan dangi irin su damisa da zaki an ga suna birgima a kansa a gidajen namun daji na ƙasashen waje, amma don Allah kada wani ya ɗauki wannan magana ya je gidan tarihi na Boubou Hama na nan Yamai, inda ake ajiye namun daji, ya jefa wa zakuna wani abu cikin keji, ba aikin mai ziyara ba ne.

Yanzu maganar samo shi. Ku tambaya a wuraren sayar da abinci da kayan karnuka da maguna, ko asibitin dabbobi mai zaman kansa, in ba su da shi sai ku yi saƙo wurin ɗan uwa mai zuwa daga waje. Ku karanta kwalin da kyau, don a Faransanci herbe à chat abu biyu ake nufi da shi, wani lokaci katnif ne wani lokaci kuma ƙwayar alkama ce ko sha'ir da ake shukawa a ɗan kwano mage ta ci ɗanyar ciyawarsa, ita ma ciyawar tana da amfaninta amma ba ta sa birgima. In ba ku ga Nepeta cataria a jiki ba ku ajiye. Yana zuwa iri-iri, akwai busasshen ganye cikin sashe, wato 'yar leda, ko gwangwani, akwai na fesawa, akwai kayan wasa da aka cusa shi ciki, akwai kuma iri na shukawa. Ni busasshen ganye na fi so don shi mutum ke gani da idonsa ya san abin da ya saya, mai kyau kore ne, ganye da fure sun fi kara yawa a ciki, in kun murza kuna jin ƙamshi mai ɗan kama da na'a-na'a amma ya fi ta nauyi. In ya koma ruwan ƙasa, ba ƙamshi, duk tsinke ne, to ya daɗe a kanti zafi ya cinye shi. Kayan wasan da suka sha hanya cikin kwantena suka zo suka zauna wata da watanni a butik sau da yawa ƙamshinsu ya riga ya tafi kafin su iso hannunku.

Ranar farko kada ku yi gaggawa. Ku zaɓi ɗaki mai tsabta, ku kawar da abin fashewa, kofunan shayi da fitila da wayar caja, ku tabbata ba murhun gawayi kusa, ba ruwan zafi, ba taga a buɗe in a bene kuke, kuma kada a yi shi saman rufin gida ko bakin rijiya ko ƙofar gida inda babura ke wucewa, don cikin mintocin nan hankalinta ba ya kan abin da ke kewaye da ita. Ku ɗebi abin da yatsu uku za su iya tsakura, ku murza shi tsakanin yatsu ƙamshin ya tashi, ku barbaɗa kan wani tsohon kwali ko tabarma, ku ja baya ku zauna. Ita za ta zo da kanta. Kada a riƙe ta, kada a danna mata kai ciki, kada a shafa mata a hanci, in ta ƙi yau ku share ku sake gwadawa bayan kwana biyu uku, in ta ƙi sau da dama to tana cikin waɗanda ba sa ji. Ko ga wadda ta saba, ƙaramin cokalin shayi guda ya isa har ya yi yawa, sau 1 ko 2 a sati, don in kullum ne sai abin ya daina burge ta. In ta gama ku share ragowar.

Yara ku ja musu kunne. Mage in ta kwanta rigingine tana shure-shure yaro zai ga kamar kiransa take ya zo ya shafa mata ciki, alhali a lokacin ne ta fi saurin kai cizo da yakushi, ba don mugunta ba, wasa ne ya yi mata yawa ba ta san iya ƙarfinta ba. A bar ta sai ta natsu. In kuma tsautsayi ya sa ta ciji wani ko ta yakushe shi har jini ya fita, a wanke wurin da ruwa da sabulu sosai na minti 15 a tafi asibiti, musamman in magen ba ta da allurar rigakafin ciwon haukan kare, ciwon nan maguna ma suna ɗaukarsa kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba ya barin rai. Wanda ke da kuɗin sayen katnif to ya fara biyan kuɗin wannan allurar tukuna.

Mai maguna biyu ko uku ya ba kowace nata a wuri daban, aƙalla karon farko, sai ya ga halin kowace. Wasu muzurai in sun shaƙa faɗa suke nema, in naku irinsu ne ku ba shi shi kaɗai a rufe, ko ku haƙura gaba ɗaya.

Lokacin bayarwa a garinmu abin dubawa ne ƙwarai, kuma ba za ku ga an rubuta shi jikin kwalin ba don masu yin kwalin ba su san bazarar Yamai ba. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, mage kuma ba ta zufa a jiki irin namu, ta tafin ƙafa kawai take ɗan yi, sauran sanyaya jikinta da lasar gashi ne da neman inuwa da rage motsi, shi ya sa da rana take miƙewa kan siminti ko gindin randa ta ƙi tashi. In kuka sa ta guje-guje ƙarfe biyu na rana, ga shi wataƙila an ɗauke wuta fanka ba ta juyawa, kun jefa ta cikin haɗari. Ku bari sai da sassafe bayan asuba ko bayan isha'i, da ruwa mai sanyi a kwanonta. In kun ga mage ta buɗe baki tana haki irin na kare, wannan ba daidai ba ne a wurin mage, ku kai ta wuri mai sanyi ku shafa mata ruwa mara ƙanƙara a jiki da tafin ƙafa, in bai lafa ba cikin 'yan mintoci ku nemi likitan dabbobi.

In ta ci ganyen fa? Kaɗan ba komai, galibi ma cin sa kwantar da ita yake ta yi barci. Amma in ta samu sashen ta yaga ta cinye da yawa za ta iya yin amai da zawo da ɗan jiri, yawanci yana wucewa da kansa, ku ɗauke ragowar ku ajiye mata ruwa ku sa ido. In aman ya ƙi tsayawa, ko ta wuni ba ta ci ba ta sha ba, ko tana tangaɗi bayan awanni, to kada ku ce ai katnif ne zai sake ta, wataƙila wani abu ne daban ta ci. Mage mai ciki a bar ta sai ta haihu ta yaye, mai farfaɗiya ko mai ciwon zuciya ko numfashi kada a ba ta sai likitanta ya yarda, haka wadda aka yi wa aiki ɗinki bai warke ba.

To ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka. Da yake ganyen ba ya samuwa ko'ina a nan, wasu sai su ce ai buguwa ce buguwa ce, su busa wa mage hayaƙin wiwi ko taba ko shisha a fuska, wasu su jiƙa tramol su ɗura mata don a yi dariya a tura cikin gurup na WhatsApp. Wallahi wannan zalunci ne. Wiwi guba ce ga mage, tana sa ta tangaɗi da fitsari ba ta sani ba da sanyin jiki na awanni masu yawa, ba daɗi take ji ba wahala take sha, taba kuma nikotin ɗin da ke ciki na iya kashe ta. Hantar mage ba irin tamu ba ce, akwai wani sinadarin narkar da magunguna da take da ƙarancinsa sosai, shi ya sa abin da mu muke sha mu tashi lafiya ita yake taruwa a jikinta. Farasitamol ƙwaya guda ta isa ta kashe mage, guda ɗaya tak, dasashinta ya yi duhu fuska ta kumbura numfashi ya gagara. Saboda wannan matsalar hantar ne ma nake hana amfani da tataccen man tsirrai mai ƙarfi da ake sayarwa cikin ƙananan kwalabe, na na'a-na'a ne ko na turare ko ma na katnif ɗin kansa, kada a ɗiga mata a jiki ko a abinci. Na fesawa da aka yi musamman don maguna an tsarma shi sosai, shi ma kan kaya ake fesawa ba kan dabba ba. Na'a-na'ar shayinmu kuma duk da dangi ne ba ta da wannan sinadari, ba za ta yi aikin ba, in ta ci da yawa ma cikinta zai ɓaci.

Tunda mun shiga maganar guba bari in ƙara kaɗan, don abubuwa ne da ke cikin gidajenmu. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin mage, ɗanye ko dafaffe, kuma mu da albasar Galmi ke cikin kowace miya sai a kula da ragowar abincin da ake zuba mata. Kariya da ake shukawa don ado, da furen nan laurier-rose da ke cikin gidaje da bakin ma'aikatu, da tumfafiya, duk suna da dafin da ke taɓa zuciya. Maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin farmetirin kada ya taɓa mage, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har mutuwa, fiya-fiya da sauran maganin sauro na fesawa kuma a fitar da ita daga ɗaki sai iska ta shiga.

Wasu na tambaya ta fuskar addini, ko ya halatta a ba dabba abin da ke canza mata hali. Ni ba malami ba ne, wannan a kai wa malamai tare da bayanin yadda abin yake aiki na gaskiya, cewa ƙamshi ne, minti goma ne, ita ke zuwa da kanta ta kuma bar shi da kanta. Abin da kowa ya sani dai shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage da ta tsare ba ta ciyar da ita ba ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, wanda ya rufe mage a ɗaki to haƙƙinta na wuyansa, ci da sha da lafiya har da abin da zai motsa mata jiki.

Kuma nan ne amfanin ganyen yake na gaskiya. Mage mai yakushin kujera da katifa, ku samo guntun katako ku naɗe shi da igiya mai kauri ko tsohon buhun algarara, ko ku jera kwalaye ku manne, ku murza katnif a jiki, sai ta koma can da kaifin farcenta. Wadda ke tsoron kwandon da ake kai ta asibiti, ku riƙa barin kwandon a buɗe cikin ɗaki da ɗan ganye a ciki kwanaki kafin tafiyar har ta saba shiga da kanta, ba wai a ranar tafiya a ba ta a rufe ba. Mai ƙiba da ba ta son motsi yana tayar da ita ta yi wasa. Abin wasa kuwa ba sai an saya ba, tsohuwar safa mai tsabta, a zuba cokali guda a ciki a ƙulle bakin tamau, ko ku kai wa telan unguwa ƙyallen atamfa ya ɗinka muku 'yar jaka mai ƙarfi. Kada a sa maɓalli ko duwatsun ado ko zare mai reto, zare in mage ta haɗiye yana iya tattare mata hanji sai an yi aiki, kuma kada a yi jakar da yankin tsohon gidan sauro don akwai magani a jikinsa. In ta gama wasa ku ɗauke safar ku ɓoye, in tana yashe a ƙasa kullum ƙamshin zai gudu ita ma ta gaji da ita.

Maganar sauro tana da daɗin ji don mu nan damina in ta kama kowa ya san yadda masassara ke yi. Gaskiya ne sinadarin na korar sauro, tun 2001 masu bincike a jami'ar jihar Iowa ta Amurka suka ba da rahoton haka daga gwajin ɗakin bincike, su mutanen Japan ɗin nan kuma sun ga sauro ya rage sauka kan magunan da suka goga irin wannan sinadari a kai, har suna ganin wataƙila dalilin birgimar ke nan tun asali, mage na shafa wa kanta maganin ƙwari. Amma ƙamshin saurin tashi gare shi, tukunya guda a tsakar gida ba za ta kore muku sauro ba, kada kowa ya cire wa yaransa gidan sauro saboda wannan. Mace mai juna biyu kuma kada ta dafa ganyen ta sha, ko da ta ji ana cewa a Turai ana shayinsa.

Wadda katnif bai yi mata komai ba akwai wasu tsirran. Wani bincike na 2017 da aka yi kan maguna 100 ya samu kusan 80 cikin 100 sun amsa wa wani tsiron Japan da Sin da ake kira matatabi, sunansa na kimiyya Actinidia polygama, cikin waɗanda ba su ji katnif ba ma kusan uku cikin huɗu sun ji shi, sai saiwar wani tsiro mai suna baleriyan da wajen rabi suka amsa mata. Matatabi yana zuwa a gari ko 'yan sanduna na taunawa, ƙa'idarsu guda da katnif, sai dai sandar in ta fara tsagewa a jefar kada ta haɗiye tsinke.

Ajiya: zafi da haske da iska su ke kashe shi. Ku juye cikin kwalba mai murfi mai kamawa sosai, ku sa a firigo, wurin ƙanƙara ma ya fi, in ba firigo to cikin akwati a ɗaki mafi sanyi inda mage ba ta iya buɗewa, don za ta neme shi kuma leda ba ta hana ta. Da damina ku duba kada ya yi funfuna, in ya yi a zubar.

Mai son shukawa zai iya, amma ya san tsiron ƙasar sanyi ne, lokacinsa a nan shi ne lokacin da masu lambu na bakin kogi wajen Yantala da Gamkalle ke zuba salati da karas, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ku sa irin a firigo na 'yan kwanaki sannan ku jiƙa shi kwana guda, yana taimaka masa tsirowa. Tukunya ko tsohon bokiti da aka huda ƙasansa, rairayi gauraye da taki da ya ruɓe sosai, a barbaɗa irin sama-sama a rufe da ƙasa kaɗan don ƙanana ne ƙwarai, a riƙa yayyafa ruwa, cikin sati 1 zuwa 3 zai fito. Yana son ranar safe da inuwar yamma, ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, kuma kada a fesa masa maganin ƙwari ko kaɗan tunda baki za shi. In ya kai tsawon tafin hannu ku riƙa tsinke kansa don ya yi rassa. Babbar matsalarsa magunan unguwa ne, da zarar ganye guda ya murje ƙamshi ya fita za su hauro katanga su kwanta a kansa su murƙushe shi tun yana ƙarami, saboda haka ku kifa masa kwandon waya ko ku kewaye shi da raga. Ku yanke shi lokacin da ya fara fure don a nan ne man ya fi yawa, in kuma zafi ya riga furen zuwa to ku yanke hakanan kafin ƙarshen Maris, ku ɗaure ƙanana-ƙanana ku rataye a inuwa cikin ɗaki mai iska da ƙofa a rufe, ba a shanya shi a rana. Da busasshiyar iskarmu 'yan kwanaki sun isa ya bushe ƙarau, sai ku zage ganyen daga kara ku zuba a kwalba ba tare da kun niƙa ba, a murza shi ranar da za a ba ta.